Yadda Na Binne Digirin Sule a Ƙasar Karu

Tun da na dawo daga Afirka ta Kudu ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago, "Ila, wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ji sai ya zuba nasa gishirin kafin ya kai gaba, alhali kowa a Gaya ya san zuba gishiri a zance gadona ne, ba na son kishiya a ciki. Ranar kasuwar Ajingi da kunnena na ji wani mai gyaɗa yana rantsuwa wai wani ƙaton kada na binne da ransa. Na ce to, abin ya isa, bari in rubuta da hannuna, kowa ya karanta ya bar ni in yi ɗinkin mutane.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Iliyasu, tela ne ni, kuma shekara ashirin ke nan ina cikin masu haƙar kabari na unguwarmu, aikin neman lada. Sule ƙanin matata ne, ɗan Barebarin Gafasa. A gidana ya yi sakandare, ya cinye min tuwon da ya isa a ciyar da ƙaramar hukuma. Tsakanina da shi babu gaisuwar mutunci sai tsiya. Ni in ce masa Likitan Ƙashi, shi ya ce min Tsohon Gaya. Karatun duwatsu ya yi, har ya samu tallafin yin digiri na uku a can, a kan wata dabba da ta ƙare a duniya tun kafin a yi mutum. Shekara uku yana fita daji nemanta, bai samu cikakkiya ba sai gutsattsari. Fitar bana ce ta ƙarshe. In ya samu, digiri ya tabbata. In bai samu ba, tallafin ya ƙare, ya tattaro ya dawo Gafasa noman gyaɗa da ilimin da ba shi da shaida.

Ranar da na ɗinka masa kayan makaranta na farko ya ce, "Wallahi sai na hau da kai jirgi." Na ce, "Kai dai fara sayen sabulun wankinka." Ashe yaron nan bai manta ba. Shi ya yi min takardu, ya aiko da tikiti.

Kafin in tashi na je Gafasa yi wa surukata sallama. Inna ta ɗaure min kaya kamar za a kai gara: kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, barkono, da kilishi faifai guda. Ta ce, "Ka duba min wuyansa, in ya rame ka faɗa min gaskiya, ban da ƙari." Na ce, "Inna, yaushe na taɓa ƙari?" Duk matan gidan suka kwashe da dariya, har da wadda ke cikin ɗaki tana jego. Ɗan acaɓa ya kai ni Ajingi, na shiga motar Kano, muka bi ta ƙofar shagona ina ɗaga wa maƙwabta hannu kamar ɗan takara. Kafin Wudil taya ta fashe. Mai tafiya ƙasar waje, da sabuwar shadda, ni ne na riƙe wa direba jak.

Jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Daga Kano zuwa Legas na karanta duk abin da na haddace, har da wanda na manta. Daga Legas zuwa Johanasbag kuwa barci na yi, don na lura ko na zauna a farke ba ni ke tuƙi ba.

A wajen shiga ƙasa aka fara. Wata ma'aikaciya ta duba fasfo da katin allura, ta tambaye ni me na zo yi. Turancina na ɗan aji uku ne, amma na tattaro shi na ce ziyarar ɗan'uwa. Ta buga hatimi. Ina murna na wuce, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, da rigar aiki a jikinsa, ya zo ya shinshina jakata ya zauna. Bai yi haushi ba, bai kalle ni ba, zama kawai ya yi irin na alƙali. Aka buɗe jaka. Kilishi ya tafi, wai ba a shiga da nama. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai da ya ja da baya taku uku, ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce miya ce. Ya ce ya yarda, amma ita ma ba za ta shiga ba. Kuka da ƙuli-ƙuli suka tsira bayan dogon bincike. Na ji zafin kilishin nan, amma gaskiya karen ya burge ni. Ma'aikaci ne da ba ya karɓar na goro.

Sule na tsaye a waje. Ya ce, "Tsohon Gaya, jirgin bai yi ƙorafin nauyi ba?" Na ce, "Bari in ga wuyanka tukuna, saƙon Inna ne." Ya rame, kuma dariyarsa ba ta kai ido ba. A wajen mota na nufi ƙofar dama na buɗe, na tarar da sitiyari yana kallona. Su a hagu suke tuƙi. Duk tafiyar nan ƙafata tana taka birkin da babu shi.

Washegari ya kai ni inda suke aiki. Ɗaki ne dogo, mutane a zaune kowa ya kifa ido a madubin ƙara girma, da wata 'yar na'ura kamar allura tana zuuu, suna ɓanɓare dutse daga jikin ƙashi ƙwayar yashi ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta nuna min kan wata dabba da ya kai turmi, ta ce ta kusa shekara a kansa, saura gefe ɗaya. Ni da nake zagin mai kawo ɗinkin sallah ana jibi, na tsaya na sara mata. Irin wannan haƙurin ko a wurin masu aikin hula ban gan shi ba.

Sule ya jawo wani ɗan akwati, ciki rabin muƙamuƙi ne da bai fi yatsana ba.

Na ce, "Shekara uku, wannan ne amfanin gonar?"

"Shi ne."

"To wace irin dabba ce?"

Ya faɗi wani suna mai tsawo, Furosinosukus ko makamancin haka, na ce ya bar shi, ya yi min bayani da Hausa. Ya ce, "Ka ɗauki tsari, wanda ke faɗawa ruwa in an kore shi. Tsawonsa kamar kamu ɗaya da ɗan ƙari. Amma buɗe bakinsa, ba haƙoran ƙadangare za ka gani ba masu kama ɗaya. Akwai na gaba, akwai fiƙa, akwai turame, kamar na muzuru. Masana sun sa shi tsakanin masu jan ciki da masu shayarwa. Ana jin yana iyo, yana kama kifi, yana kaɗa wutsiya kamar kada. Wannan maganar iyon nake son tabbatarwa, kuma ba za a iya da muƙamuƙi ba. Sai an samu haƙarƙari da ƙafafu da wutsiya a haɗe." Ya ce ya rayu fiye da shekara miliyan ɗari biyu da hamsin da suka wuce. Na ce, "Sule, ko ni da ake kira Mai Gishiri ban taɓa kaiwa miliyan ba." Amma a raina tasbihi nake yi. Ubangijin da ya yi wannan, ya ciyar da shi, ya kashe shi, ya adana ƙashinsa a dutse har wani ɗan Gafasa ya zo nema!

Tafiya zuwa dajin, wanda suke kira Karu, yini guda ce cur. Mu uku ne a motar: ni, Sule, da Tabo, wani baƙin mutum sa'ana wanda shi ne direba kuma gwanin haƙa. Malamar Sule, Farfesa, sai Alhamis za ta biyo mu. Titi santsi kamar an goge da dutsen guga, amma babu mai rake, babu mai ɓawon gyaɗa, babu ko wanda za ka yi wa sannu. Ƙasa ce busasshiya, duwatsu masu kai a baje kamar an yanke da wuƙa, da 'yan gajerun ciyayi da tumaki. Sule ya ce da can duk koguna ne da fadama. Na leƙa ta taga na ce, "To wa ya shanye?"

Masaukinmu gonar wani Bature ce, ƙato, ya haura saba'in, amma kullum cikin gajeren wando kamar ɗan firamare. Ban iya sunansa ba, na sa masa Mai Gajeren Wando. Tsakaninsa da maƙwabcinsa ya kai daga Gaya zuwa Ajingi. Na tambaye shi in gishiri ya ƙare wa matarsa wa take aika, in kuma ya gaji da zaman gida ina majalisarsa. Da Sule ya fassara, Baturen ya yi dariya ya nuna min tumaki. Gaisuwarsu kalma biyu ce, an gama. Ranar farko na tambaye shi gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, da dabbobi, sai ya tsaya yana ba ni amsa dalla-dalla, har da tunkiyar da ta karye a ƙafa. Ya ɗauka bincike nake.

Amma mutumin kirki ne. Da ya ji ba ma cin yankan kowa, ya ja ni garke ya ce in zaɓa, ya miƙo min wuƙa. Na yanka rago da hannuna. Su gasa nama suke da gishiri kawai, su haɗa da wani farin tuwon masara da ba miya. Na ce wannan zalunci ne ga rago. Na daka ƙuli-ƙulin Inna da barkono na yi musu tsire. Mai Gajeren Wando ya ci, fuskarsa ta koma jar wur, hawaye na zuba, yana miƙo faranti a ƙara. Da safe matarsa takan ba mu wani busasshen burodi mai taurin bulo, sai an tsoma a shayi yake sallamawa. Na gwada shi haka nan ranar farko, har yau haƙorina na hagu bai yafe min ba.

Sallah ma sai da aka gyara min. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba tun ina yaro, Sule ya kamo kafaɗata ya juya ni wajen arewa. Da tsakar rana kuma rana ba ta tsayawa inda na san ta. A garin nan kaina bai taɓa sanin gabas da yamma ba.

Ranar da manomin ya zaga da mu gonarsa, muka wuce wasu tarin duwatsu a gindin tudu. Ya rage gudu, ya cire hularsa har muka wuce. Ya ce kaburburan makiyayan da ne, ba wanda ya san sunansu, suna nan warwatse a gonar, kuma ya hana kowa taɓa su. Wannan ya shiga raina ƙwarai. Na ce ashe ko a nan akwai masu ganin girman mamaci.

Aikin su Sule kuwa, tafiya ce kawai da kai a sunkuye, cikin busassun kwazazzabai, daga safe har yamma, kamar waɗanda suka yar da allura. Na bi su kwana biyu, duk dutsen da na ɗauko sai Tabo ya duba ya ce dutse ne. A na uku gwiwata ta ajiye aiki. Kullum su dawo hannu rabbana, Sule ya tsakuri abinci ya tashi.

Ranar Laraba da yamma ya dawo shi kaɗai daga wani ɓangare, yana ta murmushi, ya cinye faranti biyu. Na ce, "Likitan Ƙashi, ko an yi maka albishir da mata ne?" Ya ce babu komai. Halin Barebari ke nan, ciki ya fi rumbu zurfi.

Alhamis da sassafe shi da Tabo suka tafi gari ɗauko Farfesa. Ni kuma, tun da bayan gidan nan nasu na zama bai karɓe ni ba, na ɗauki buta na bi wani kwazazzabo, na yi nisa don kada in haɗu da matar gida. A hanyar dawowa na ga tarin duwatsu a bakin gaɓa. A ƙasansa kaɗan, inda ruwa ya zaizaye, ga ƙananan haƙarƙari a jere, farare, sirara kamar yatsu.

Na tsaya cak. Na ce inna lillahi, kabarin jaririn makiyaya ne ruwa ya buɗe. Abin da na gani a ɗakin su Sule kawuna ne kamar turmi da ɗan muƙamuƙi, ban kawo komai a raina ba. Kuma mai haƙar kabari ba ya ƙura wa ƙashin mamaci ido. Duk damina in ruwa ya yi ɓarna a maƙabartarmu mu ake kira, mun san abin yi. Na naɗe hannun riga. Na kwashe duwatsun nan na jera masu faɗi a kan ƙasusuwan yadda muke jera itace, na kwaɓa laka da ragowar ruwan buta na toshe kafofi, na jawo ƙasa da wani falalen dutse na rufe, na daddanna. Sannan na sa wuƙata na saro farar ƙaya na lulluɓe wurin saboda dila. Ba yabon kai ba, ko a Gaya ban taɓa aiki mai kyan wannan ba. In ka tsaya taku biyar, cewa za ka yi kurmin ƙaya ne da ya tsiro tun kaka da kakanni. Ban san addinin yaron ba, na dai ce Allah Kai ka san bawanka. Na dawo ban gaya wa kowa ba, don ƙa'idarmu ce, abin da ka gani a kabari a can kake barinsa.

Daga nan Mai Gajeren Wando ya tafi da ni gonar maƙwabcinsa kallon askin tumaki. Mutum ɗaya ya tuɓe wa tunkiya riga kafin ka gama shan kofin ruwa. Sai bayan la'asar muka dawo, ina cike da labari, na tarar da gida kamar an yi rasuwa.

Farfesa na zaune a baranda, wata 'yar tsohuwa siririya, rana ta gasa fatarta kamar jima, takalmanta duk ƙura. Tabo na gefe ya yi tagumi. Sule na bayan mota a zaune a ƙasa.

Na ce, "Kai, lafiya?"

Ya ce, "Na same shi jiya, Yaya Ila. Wallahi na same shi. Haƙarƙari a jere, kuma alama ta nuna sauran jikin yana cikin gaɓa. Wayata ta mutu, ban ɗauki hoto ba, ban ɗauki lambar wurin ba, sai na tara duwatsu a kai. Na yi shiru don kada a yi masa baki kafin Farfesa ta gani. Yau tun hantsi muke nema, babu duwatsu babu ƙashi."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce in mutum ya daɗe yana son ganin abu, wani lokaci ido yakan taimaka masa. Cikin tausayi ta faɗa. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Gobe ce rana ta ƙarshe, jibi mu tafi."

Jama'a, na sha jin ana cewa ƙasa ta tsage mutum ya shige, ranar na nemi tsagar ban samu ba. Na ce, "Sule, haƙarƙarin nan, sirara ne kamar yatsu?"

Ya ɗago.

"A ƙarƙashin gaɓa, duwatsun na sama kaɗan?"

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. Na yi masa sutura."

Ya kalle ni. Sannan a hankali ya ce, "Malam Iliyasu, digirina ka binne?" Tunda nake da yaron nan bai taɓa kirana da cikakken suna ba.

Na ce, "Na ɗauka ɗan mutane ne. Kuma tsaya, in ɗan mutanen ne fa? Kai ka tabbata? Ni ba zan nuna a tone ɗan wani a sa a akwati ba."

Ya miƙe zai yi magana, Farfesa ta ƙaraso ta ce a fassara mata. Sule ya fassara yana haɗiye rabin kalmomin. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta tambaye ni yadda na rufe, da me da me, a wane jeri. Na faɗa mata. Ta ce, "Ka kai mu. Kai za ka buɗe da hannunka. In mutum ne, za mu mayar yadda ka yi, ni zan miƙo maka duwatsun." Tun daga lokacin nake kiranta Gwaggo.

Muka fita nan take. Sai dai kwazazzaban Karu duk uwa ɗaya ta haife su. In ce nan ne, mu je, ba nan ba. Rana kuma tana faɗuwa ta inda ban yarda da ita ba. Har magariba ta kawo jiki ba mu samu ba. Da muka dawo aka kawo abinci, Sule bai zauna kusa da ni ba.

Da asuba bayan mun idar na ce masa, "Yau kada ku nemi duwatsu, kada ku nemi ƙashi. Ƙayar da aka sara ba ta kwana da ɗanyen ganye. Ku nemi kurmin da ya yi yaushi a cikin masu rai." Ya faɗa wa sauran. Har Mai Gajeren Wando ya fito, muka bazu mu biyar, masana da jahili, kowa yana leƙen ganyen ƙaya. Hantsi ya ɗaga, gwiwata tana kuka, sai muka ji Tabo ya kurma ihu daga wani lungu da na rantse ban taɓa zuwa ba. Muka je. Ga ƙayata ta yi laushi, ga sawun butata a kan yashi.

Na durƙusa na yi bisimilla. Na janye ƙaya, na kwashe ƙasa da tafin hannu, na ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaga na ƙarshe na ga haƙarƙari biyu sun karye, nauyin dutsena ne. Sule ya ja numfashi ta haƙora. Gwaggo ta kwanta rub da ciki, tsohuwa da ita, ta ciro ɗan buroshi tana shara. Ta kamo yatsana ta ɗora a kan ƙashin. Sanyi, tauri, dutse ne tsantsa, kuma a manne yake da dutsen da ke ƙarƙashinsa. Na taɓa ƙasusuwan mutane da yawa, wannan ba namu ba ne. Na ce, "Gwaggo, a tona."

Abin da na gani daga nan shi ne abin da ya fi komai burge ni a tafiyar. Ba wanda ya ɗaga murya. Tabo yana sare gaɓa daga sama da 'yar guduma, Sule da Gwaggo suna bi da tsinke da buroshi, suna ɗiga wani gam a duk inda ya tsage. Haƙarƙari ya kai su ga ƙugu, ƙugu ya kai su ga ƙafa da 'yan yatsunta a baje, sannan wutsiya ta fara fitowa gaɓa bayan gaɓa kamar carbi. Wajen azahar Sule ya share ɗaya ƙarshen, sai ga ɗan baki ya leƙo, da fiƙa ɗaya, da ƙananan haƙora a bayanta. Yana kwance a ɗan lanƙwashe kamar muzurun da barci ya ɗauke a bakin rafi. Gwaggo ta zauna a kan dugaduganta ta dafa kafaɗar Sule, ta faɗi wata magana da ban ji ba. Ya tashi ya koma gefe, ya fuskanci arewa ya kai goshinsa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

Ba a ciro shi daga dutsen a nan. Sara suke yi kewaye da shi, su naɗe dutsen gaba ɗaya da tsumman buhu da aka tsoma a farin filasta. Lokaci ya ƙure, almakashinsu kuma ba ya yanka ko ganye. Na ce a ba ni wuri. Na wasa shi a dutse, na dinga fitar musu da tsumma daidai wa daida har sai da Tabo ya ce in dakata, hannunsu bai kai nawa sauri ba. Da ya bushe ya zama wani farin ƙunshi mai nauyin buhun gero biyu. Mai Gajeren Wando ya ciro tsohon ƙyauren rumbunsa, muka ɗora, mu huɗu muka ɗauka a kafaɗa, Gwaggo na gaba tana nuna hanya. Ni na tsara musu yadda ake sauya kafaɗa ba tare da an girgiza na sama ba.

Da muka sauke a bayan mota, Gwaggo ta miƙa wa Sule alƙalami ya rubuta lamba da sunan wanda ya samo. Ta ce haƙarƙarin nan biyu za su ɗinku, amma dole a rubuta a littafi yadda aka yi suka karye. Na ce, "Sule, ka rubuta dila ne." Bai kula ni ba. Ya rubuta lambarsa da sunansa da Turancinsa, sannan ya tsaya, ya koma ƙasa ya ƙara wani layi da manyan baƙaƙe. Gwaggo ta leƙa ta ce wannan kuma wane yare ne.

Ya ce, "Tsohon Gaya, zo ka karanta mata, in idon ya kai."

Na matso na karanta. Ya rubuta: AN TONE SHI DA IZININ WANDA YA BINNE.